Taswirar ƙwaƙwalwar ɓera: abin da na'ura ke gani da abin da ake jingina mata

Labarai biyu sun fito daga fagen binciken lafiya a 'yan shekarun nan, kuma duk wanda ya ji su a jere zai ce ɗaya na ƙaryata ɗaya. A ƙarshen Disamban 2022 Amurka ta yi dokar da ta janye wajabcin gwada sabon magani a jikin dabba kafin a kai ga mutum. A Afrilun 2025 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta bayyana shirin rage irin wannan gwaji sannu a hankali. Wannan ne labari na farko. Na biyun shi ne, a 2023, sai ga masana sun tattaro rukuni 65 na hotunan ƙwaƙwalwar ɓeraye daga cibiyoyi 46 na ƙasashe daban-daban, suka fitar da tsari guda na yadda za a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɓera tana cikin aiki.

A nan Katsina, inda ba a san ɓera da komai ba sai ɓarnar hatsi a rumbu da fargabar zazzaɓin Lassa, tambayoyin sun fi haka yawa. Me ake nema a kan ɓera? Hotunan nan masu ɗigon ja da rawaya da ke yawo a Facebook da WhatsApp, ana cewa an gano mazaunin tsoro ko na jaraba a ƙwaƙwalwa, me suke nunawa a zahiri? Kuma ina abin ya shafi wanda ke jinyar mahaifinsa da ɓarin jikinsa ya shanye?

Wane ɓera, wace taswira

Ɓeran ɗakin gwaji daban yake da wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar Lassa. Na Lassa shi ne ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke zama a gidaje da gonaki a Afirka ta Yamma. Na ɗakin gwaji kuwa jikan babban ɓera ne mai ruwan ƙasa, wanda aka daɗe ana kiwonsa a keji har aka sami zuriyoyi sanannu. Wistar, farin nan mai jan ido, ya samo sunansa daga wata cibiya a birnin Filadelfiya inda aka fara kiwonsa a 1906. Sprague Dawley ya biyo baya a shekarun 1920. Duk ɗalibin da ya yi aikin kammala digiri a fannin sarrafa magunguna ko sanin aikin sassan jiki a jami'o'in Najeriya ya san Wistar, domin da shi ake gwada ruwan ganyayyaki da saiwoyi.

Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce giram 2 ba, da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyan 200. Ta mutum ta kusa kilo ɗaya da rabi, da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86.

Taswira kuma iri biyu ce. Akwai ta siffa, mai nuna inda kowane sashe yake da iyakarsa. Wadda George Paxinos da Charles Watson suka fitar a 1982 daga siraran yankan ƙwaƙwalwa ita ce aka fi dogaro da ita shekaru da dama, kuma masana a Jami'ar Oslo sun gina wata ta kwamfuta daga hoton MRI, wadda sabon zubinta ya raba ƙwaƙwalwar gida 222. Akwai kuma ta aiki, mai ƙoƙarin nuna wane sashe ke yin me, da wane sashe yake tafiya tare. Ta farkon an yi nisa da ita. Gardamar duk a kan ta biyun take.

Jini ake aunawa, ba tunani ba

Na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ce. Ta asibiti yawanci ƙarfinta tesla 1.5 ne ko 3, kuma tesla 1.5 ya ninka ƙarfin maganaɗisun duniyar nan sau kimanin 30,000. Ta ɓera bakinta ƙarami ne amma ta fi ƙarfi, daga tesla 7 zuwa 9.4, har 11.7 da abin da ya fi haka, saboda abin da za a leƙa ƙanƙane ne. Na'urar tana yayyanka hoton ƙwaƙwalwa zuwa 'yan akwatuna. A mutum gefen kowane akwati milimita 2 zuwa 3 ne, a ɓera kuwa bai kai rabin milimita ba. Duk da haka, a cikin ɗan akwati guda akwai ƙwayoyin jijiya dubbai.

Irin hoton MRI da ake zana taswirar aiki da shi, wanda ake kira fMRI, bai ganin ƙwayoyin jijiya suna aika saƙo. Abin da yake kamawa shi ne sauyin jini. Tun 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka gano cewa haimogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, yana canza hali a gaban maganaɗisu. Idan yana ɗauke da oksijin ba ya dagula komai, idan ya sauke ta sai ya ɗan hargitsa filin maganaɗisun da ke kewaye da shi. Ƙwaƙwalwa kuma mayunwaciya ce. A jikin mutum nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin jiki, kuma ba ta da rumbun ajiya. Da zarar wani yanki ya kama aiki, ƙananan hanyoyin jinin wurin sukan buɗe, jini mai oksijin ya kwararo fiye ma da yadda ake bukata. Sai jinin da ya sauke oksijin ya ragu a wurin, hoton ya ɗan ƙara haske, ƙarin da sau da yawa bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari ba.

A ɗauka mutum ya hau Hasumiyar Gobarau yana hango gari. Ba ya ganin cikin gidaje, abin da yake iya gani kawai shi ne zirga-zirgar 'yan garuwa da kurarsu. Idan ya ga sun yi dandazo a wani lungu, zai ce lalle ana wata hidima a can. Amma ba zai san ko biki ne, ko rasuwa, ko gini ba, kuma ruwan yana isa ne bayan an riga an fara hidimar. Haka fMRI take. Ƙwayar jijiya na aika saƙo cikin ɗan kaso na daƙiƙa, amma jini bai kai ƙololuwarsa sai bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 a mutum, a ɓera kuma ya ɗan fi haka sauri. Sannan sashen da ke ƙoƙarin danne wani sashe shi ma yana cin kuzari, don haka hasken da aka gani ba lalle ne ya zama alamar ingizawa ba, yana iya zama ta hanawa.

Ja da rawayan da ke jikin hoton ma ba daga na'urar suke fitowa ba. Sakamakon lissafi ne da aka shafa a kan hoto mai toka-toka, domin nuna akwatunan da sauyinsu ya wuce wani mizani da mai binciken ya zaɓa. Idan aka yi sakaci a lissafin, akwatuna dubbai ne, dole wasu su haska haka kawai. Wani mai bincike, Craig Bennett, da abokan aikinsa sun taɓa sa mataccen kifi a cikin na'urar suka nuna masa hotunan mutane, kuma lissafin da ba a tace ba ya fitar da ɗigon aiki a ƙwaƙwalwar kifin. Sun bayyana sakamakon ne a 2009 don jan kunnen abokan sana'arsu. An ce gani ya kori ji, amma a wannan fage sai an tambayi yadda aka yi ganin.

Bashin da asibiti ke bin ɓera, ko ɓera ke bin asibiti

Fasahar kanta a kan ɓera aka gano ta. A 1990 Seiji Ogawa, ɗan Japan da ke aiki a ɗakunan binciken Bell a Amurka, ya lura da wasu baƙaƙen layuka a hoton ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka sa barci. Layukan na bayyana su ɓace gwargwadon yawan oksijin ɗin da dabbar ke shaƙa. Jijiyoyin jini ne. Zuwa 1992 an nuna abin yana aiki a kan mutane. Kafin nan, a 1977, Louis Sokoloff ya yi amfani da wani sukari mai alama don auna yadda sassan ƙwaƙwalwar ɓera ke cin abinci, kuma daga wannan dabara aka gina hoton PET na sukari da yau ake neman ciwon daji da shi.

Akwai kuma abubuwan da aka gano ba da hoto ba, da siraran wayoyi da ake dasawa a cikin ƙwaƙwalwa. A 1954 James Olds da Peter Milner a Jami'ar McGill ta Kanada suka ga ɓera na ta danna wani maɓalli babu gajiya don a ɗan taɓa wani yanki na ƙwaƙwalwarsa da lantarki. Nan aka fara fahimtar hanyoyin jin daɗi da lada, waɗanda miyagun ƙwayoyi ke hawa. A 1971 John O'Keefe a Landan ya gano ƙwayoyin jijiya a sashen hifokamfus da ke motsawa kawai idan ɓera ya isa wani takamaiman wuri. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser suka gano wasu da ke auna fili kamar layukan taswira. Su ukun sun karɓi kyautar Nobel a 2014, kuma yankin da waɗannan ƙwayoyi suke yana cikin wuraren da ciwon mantuwa na tsufa ke fara ci, abin da ya yi daidai da yadda tsoho mai ciwon kan ɓace a unguwar da ya sani tun yana yaro.

Waya tana jin ƙwayoyi kaɗan da kyau, amma a wuri ɗaya. Hoto yana ganin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, amma dishi-dishi. Amfanin ɓera shi ne a jikinsa ana iya yin duka biyun a lokaci guda, a gwada wannan da wancan.

Hanyoyi biyu na zana taswirar

Hanya ta farko mai sauƙin ganewa ce. A taɓa dabbar, a duba inda ya haska. Idan aka ɗan tsikari ƙafar gaba ta dama da lantarki mara ƙarfi, wani yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke amsawa, domin hanyoyin jijiya suna gittawa ne, kamar yadda yake a mutum. Shi ya sa wanda jini ya toshe masa a ɓangaren hagu na kai, ɓarin jikinsa na dama ke shanyewa. Gashin bakin ɓera ya fi ban mamaki. Kowane gashi guda yana da nasa ɗan dunƙulen ƙwayoyin jijiya, an jera su a ƙwaƙwalwa yadda gashin ke jere a fuska. Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos ne suka bayyana tsarin a 1970 a jikin ƙaramin ɓera, kuma babban ma yana da shi. Tunda an riga an san amsar, da wannan yanki ake gwada ko sabuwar na'ura tana faɗin gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce ta fi yaɗuwa yanzu, kuma ba a sa dabbar yin komai. A 1995 Bharat Biswal ya lura cewa ko mutum na kwance bai motsa ba, hasken jinin yankin da ke sarrafa hannun dama da na yankin hannun hagu suna hawa da sauka tare, a hankali, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa goma ko fiye. Mai hange daga hasumiya zai iya lura cewa wasu gidaje biyu masu nisa kullum tare suke ƙara sayen ruwa, tare suke ragewa, sai ya yi zaton akwai dangantaka a tsakaninsu. Da wannan lissafi kwamfuta ke tara akwatunan da ke tafiya tare ta kira su tawaga ɗaya, ta kuma ja iyaka a inda salon tafiyar ya canza. Masana a Jami'ar Jihar Pennsylvania ƙarƙashin Nanyin Zhang sun bi wannan hanya suka fitar da taswirar aiki ta ƙwaƙwalwar ɓeran da ke farke.

A 2001 Marcus Raichle ya bayyana wata tawagar sassa a mutum da ke ƙara aiki idan mutum bai sa komai a gaba ba, tana lafawa idan ya mai da hankali kan wani aiki. An danganta ta da tunanin kai, da tuna baya, da saƙa abin da ke gaba. A 2012 Hanbing Lu da abokansa a cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka suka ba da rahoton cewa ɓera ma yana da makamanciyarta. Wasu sun ɗauki wannan hujjar cewa tsarin ginshiƙi ne ga dabbobi masu shayarwa. Wasu kuma suka ce kamannin ya tsaya ne ga wurin zama kawai, domin babu wanda ya san abin da tawagar ke yi wa ɓera.

Wani abin lura shi ne tafiya tare ba ta tabbatar da cewa akwai jijiya tsakanin sassa biyu, ko cewa ɗaya ne ke tuƙa ɗaya. Wani sashe na uku na iya jan su duka, ko ma numfashi da bugun zuciya. A nan ne ɓera ya ba da abin da mutum ba zai bayar ba. A 2010 Jin Hyung Lee da Karl Deisseroth da abokansu suka haɗa fMRI da dabarar kunna zaɓaɓɓun ƙwayoyin jijiya da haske, suka kunna wani wuri da gangan, suka ga wuraren da suka amsa. A 2011 kuma masana a Faris ƙarƙashin Mickael Tanter suka nuna cewa dangin na'urar sikanin da ake yi wa masu juna biyu, idan aka ƙara mata sauri sosai, tana iya bin kwararar jini a ƙwaƙwalwar ɓera, har suka ga yadda farfaɗiya ke yaɗuwa daga yanki zuwa yanki.

A sa shi barci ko a bar shi farke

Mutum ana ce masa ya kwanta kada ya motsa. Ɓera ba ya jin wannan, ga kuma ƙarar na'ura da ta haura desibel 100. Ko motsin da bai kai milimita ɗaya ba yana iya lalata hoton, ko ya ƙirƙiro alaƙar ƙarya tsakanin sassa.

Mafi yawan cibiyoyi suna amfani da maganin sa barci. Hujjarsu ita ce dabbar ba ta wahala, hoton ya fi tsabta, kuma ana iya maimaita aikin. Matsalar ita ce magungunan kansu suna taɓa abin da ake aunawa. Aisofuloren yana buɗe hanyoyin jini, medetomidin yana tsuke su, kuma kowanne yana canza yadda ƙwayoyin jijiya ke magana da juna. Masu ɗaukar hoto a farke sukan horar da ɓeran na tsawon kwanaki a cikin kwaikwayon na'urar har ya saba. Suna cewa tunda mutum a farke ake ɗaukarsa, wannan ne kawai za a iya kwatantawa da shi. Masu suka kuma suna cewa ɓeran da aka ɗaure kansa, ko ya saba, ba za a ce hankalinsa kwance yake ba, wataƙila taswirar fargaba ake zanawa.

Wannan saɓani ne ya haifar da aikin 2023 da Joanes Grandjean na Jami'ar Radboud ta Holan ya jagoranta. Da aka bi hotunan cibiyoyin da lissafi iri ɗaya, sai aka tarar da yawa daga cikinsu ba su nuna alaƙar da ya kamata a gani tsakanin ɓangaren dama da na hagu ba. Tsarin da aka amince da shi, wanda ya haɗa magungunan biyu kaɗan-kaɗan, an gwada shi a cibiyoyi 20 kuma ya inganta sakamakon. Masu aikin farke ba su bar hanyarsu ba.

Ɓera ba ƙaramin mutum ba ne

Masu shakkar amfanin wannan bincike suna da hujjoji masu nauyi. Ƙwaƙwalwar ɓera sumul take, babu naɗe-naɗen da ke ta mutum. Kaso mai yawa nata ya tafi ga sansano da gashin baki. Ɓera ba ya magana, kuma har yau masana na jayayya kan ko yana da takwaran yankin goshi da mutum ke tsara shiri da yanke shawara da shi. Tarihin magungunan shanyewar ɓarin jiki shi ne misalin da aka fi kawowa. Wani nazari a 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada, galibi a jikin dabbobi, amma waɗanda suka tabbata a asibiti ba su taka kara sun karya ba. Wani magani mai suna NXY-059 ya yi kyau a ɓera, ya faɗi a gwajin da aka yi da marasa lafiya sama da 3,000.

Masu kare binciken suna amsawa cewa laifin tsarin gwajin ne. An riƙa amfani da ɓeraye matasa, maza, masu ƙoshin lafiya, alhali mai shanyewar ɓarin jiki yawanci dattijo ne mai hawan jini ko ciwon suga. Sai a 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara neman masu karɓar kuɗinta su riƙa la'akari da jinsin dabbar. Suna ƙarawa da cewa hoto yana da fifiko guda a kan sauran gwaje-gwaje, domin ma'aunin da aka yi wa ɓera shi ne ake yi wa mutum.

A nan ne kuma ake warware karon labaran nan biyu. Dokar Amurka ta shafi gwajin da ake yi don tabbatar da cewa magani ba guba ba ne kafin a ba mutane, kuma ba ta haramta amfani da dabba ba, ta dai buɗe ƙofa ga wasu hanyoyi kamar ƙwayoyin jikin mutum da ake renonsu a kwano, da lissafin kwamfuta. Waɗannan na iya nuna ko sinadari na lalata hanta. Amma ƙwayoyin da ke kwano ba su da ido ko ƙafa, ba su da sassa masu nisa da ke aika wa juna saƙo, don haka tambayar yadda ƙwaƙwalwa ke tsara aikinta ba ta amsuwa da su tukuna.

Ta fuskar tausayin dabba, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta William Russell da Rex Burch ta 1959, wato a maye gurbin dabba inda zai yiwu, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Hoto na taimakawa wajen ragewa, tunda ɓera ɗaya ana iya ɗaukarsa sau da yawa a tsawon watanni maimakon a yanka rukuni-rukuni a kowane mataki. Masu fafutukar kare dabbobi kuwa suna ganin cewa jawo wa dabba ciwo da gangan ba ya halatta ko da an rage adadi. A wajen mai karatu Musulmi, nassoshi sun zo ta fuska biyu. Ɓera yana cikin dabbobin da hadisi ya halatta kashewa saboda cutarwarsu, sannan ga hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, da umarnin kyautatawa ko a wajen yanka.

Abin da zai iso Katsina da Daura

Babu wani magani da zai fito kai tsaye daga taswirar nan zuwa kantin magani a shekara mai zuwa. Tasirin yana zuwa ne ta bayan gida, kuma a hankali.

A shanyewar ɓarin jiki, binciken Rick Dijkhuizen da abokansa na 2001 ya nuna cewa kwanaki kaɗan bayan ciwon, ɓangaren ƙwaƙwalwar ɓera da bai taɓu ba yana ɗaukar wani kaso na aikin, bayan mako biyu kuma aikin ya fara komawa gefen wurin da ya lalace. Irin wannan sakamako na cikin abin da ya ƙarfafa fahimtar cewa ƙwaƙwalwa na sake tsara kanta, kuma makonnin farko su ne gashi da motsa jiki suka fi amfani. Iyalan da ke ajiye majinyaci a ɗaki wata da watanni kafin su kai shi wurin masu gashi suna asarar wannan lokaci. Kafin nan ma, maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin awa huɗu da rabi daga fara alamu, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Hoton da ake bukata a wannan gaggawa CT ne ko MRI na siffa, ba fMRI ba. Ga mutumin Mai'adua ko Baure, nisan hanya zuwa inda na'ura take da kuɗin hoton su ne ke yanke hukunci.

A farfaɗiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari na iya rabuwa da faɗuwa idan sun sami magani daidai. Hoton ɓera ya nuna ciwon yana da wurin farawa da hanyar da yake bi. A shaye-shaye, binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka gudanar ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a 2017. A mutum ba a iya sanin ko bambancin da aka gani a ƙwaƙwalwar mashayi ƙwayar ce ta jawo shi ko da shi aka haife shi. A ɓera ana ɗaukar hoto kafin ƙwaya, da lokacinta, da bayan an janye ta.

Akwai wani tarnaƙi da ya shafi yankinmu musamman. Tunda jini na'urar ke karantawa, duk abin da ya taɓa jini ko hanyoyinsa yana canza karatun. Mai sikila, mai ƙarancin jini, da wanda hawan jini ya daɗe a jikinsa, hotonsu na iya nuna rauni a inda ƙwayoyin jijiya lafiyarsu lau. Ma'aunin da aka gina a kan lafiyayyen ɓera da matasan Turai sai an sake tantance shi kafin a ɗora shi a kan majinyatan Arewa. A asibiti dai babban amfanin fMRI a yau shi ne gano yankin magana da na motsi kafin a yi wa mutum tiyatar ƙwaƙwalwa. Ba a gano ciwon damuwa ko taɓin hankali da ita a aikin yau da kullum, kuma wanda aka nemi ya biya kuɗi don irin wannan yana da dalilin neman ra'ayin wani likita.

Ga ɗalibai da malaman jami'o'i irin su Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma, mallakar na'urar ɓera abu ne mai nisa. Maganaɗisunta sai an sanyaya shi da ruwan iskar hiliyam zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, kuma na'urorin sanyayawar na son wutar da ba ta yankewa. Amma rabin aikin lissafi ne. Hotunan aikin 2023 an ɗora su a rumbun OpenNeuro kowa na iya saukewa kyauta, haka taswirar Oslo, haka manhajojin da ake tace hotunan da su. Abin da ake bukata shi ne kwamfuta mai ɗan ƙarfi, intanet, da sanin ƙididdiga. Ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Najeriya tana taro da horaswa, kuma cibiyar BioRTC da Mahmoud Bukar Maina ya assasa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu tana horar da matasan masu bincike kan dabarun ɗakin gwaji na zamani.